Kujerar Fasto Ba Gonar Gado Ba Ce

A shekarar 1985 Samuel Oshoffa, wanda ya kafa cocin Celestial a Porto-Novo a 1947, ya rasu bayan hatsarin mota ba tare da ya tsayar wa jama'arsa magajin da kowa ya yarda da shi ba. Alexander Bada ya hau kujerar, aka kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 2000 ta ce naɗin bai bi tsarin mulkin cocin ba. Shekara da shekaru ke nan kuɗin baiko na tafiya aljihun lauyoyi. A cocin Redeemed kuwa, Josiah Akindayomi ya tsayar da magajinsa tun yana da rai, kuma ya tsallake 'ya'yan cikinsa ya zaɓi Enoch Adeboye, malamin lissafi a jami'a wanda ya daɗe yana yi masa tafinta. Akindayomi ya rasu a 1980, Adeboye ya karɓa a 1981. Ra'ayina shi ne, shugaban da bai shirya magaji a bainar jama'a daga cikin waɗanda suka yi hidima ba, bai gama aikinsa ba, ko da majami'a ɗari ya gina.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Musa yana da 'ya'ya biyu, Gershom da Eliyezer, amma Joshuwa ɗan Nun aka ba sandar, mutumin da ya shekara da shekaru yana yi masa hidima. A Littafin Ƙidaya sura 27, Musa ne da kansa ya roƙi Allah kada jama'a su zama garke marar makiyayi, sa'an nan ya ɗora wa Joshuwa hannu a gaban Ele'azara firist da dukan taron, ba a ƙuryar ɗaki ba. Sama'ila kuwa, duk da adalcinsa, ya naɗa 'ya'yansa Yowel da Abiya alƙalai a Biyer-sheba, suka shiga cin hanci, har dattawa suka gaji suka nemi a naɗa musu sarki. Abin na sosa mini rai, domin annabin da ya ga abin da 'ya'yan Eli suka jawo wa gidan ubansu shi ne ya sake taka sawun.

Za a ce ai firistancin gidan Haruna gado ne, kuma Yakubu ɗan'uwan Yesu ne ya jagoranci ikkilisiyar Urushalima. Gaskiya ne. Sai dai Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta nuna wancan firistanci ya cika a cikin Almasihu, kuma da Bulus ya jera wa Timoti da Titus sharuɗɗan dattijon ikkilisiya, hali ya lissafa: kamun kai, karɓar baƙi, iya koyarwa, rashin son kuɗi, kyakkyawar shaida ko a bakin waɗanda ba masu bi ba. Bai ambaci jini ba. Ɗan fasto ko matarsa na iya cancanta, ban hana ba, amma a auna su da mudun da ake auna kowa.

Mu a Arewa muna iya bugun ƙirji cewa ECWA da COCIN da EYN zaɓe suke yi, da wa'adi. Madalla. Amma duk wanda ya san kwanakin zaɓe ya san gadon jini yakan dawo ta ƙofar baya da rigar ƙabila: a ce yanzu lokacin yarenmu ne, a yi ta ƙulle-ƙulle da dare kamar 'yan jam'iyya. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna wata hanya. Da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tauye matansu da mazajensu suka mutu wajen rabon abinci, manzanni suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa ludayin. Aikin rabon abinci ne, wanda mu yau muke gani kamar na ƙananan ma'aikata, amma daga cikinsa Istifanas ya fito, da Filibus wanda ya kai bishara Samariya. Majalisar da ke neman shugaban gobe ta fara duba wanda ke raba hatsi ga 'yan gudun hijira, da matar da ta riƙe asusun zumuntar mata shekara goma ko sisi bai yi ciwon kai ba.