Turbar Dawaki da Ta Koma ta Masu Tafiya a Ƙasa

A Ingila akwai wata turba da ke bin gaɓar Kogin Tems tun daga tushensa, a wata makiyaya kusa da ƙauyen Kemble, har gabashin Landan inda aka gina katangar tare ambaliya. Tsawonta ya kusa kilomita 300, an buɗe ta a hukumance a 1996, kuma mai ƙafa yakan gama ta cikin mako biyu. Galibinta ba tudu ba gangare, kogi ne jagora. Wanda ya je tushen da ɗokin ganin ruwa yana ɓuɓɓugowa yakan sha mamaki: dutse ne da rubutu a jikinsa, sai ɗan rami a gindin bishiya, kuma galibin watannin shekara a bushe yake ƙayau.

Ba don shan iska aka fara yin turbar ba. A ƙarshen ƙarni na 18 hukumar da ke kula da zirga-zirga a kogin ta share hanya a bakin ruwa domin dawakan da ke jan jiragen kaya da igiya, jirage maƙare da kwal da katako da hatsi. Sai dai ba kowane mai gona ko mai gida ne ya yarda a bi ta filinsa ba. Inda mai ƙasa ya ƙi, sai a ajiye mai fito, ya tsallakar da doki da mai korarsa zuwa ɗaya gaɓar, su ci gaba. Da jirgin ƙasa ya zo wajajen 1840 ya ƙwace cinikin, jiragen kaya suka ja baya, masu fito suka watse ɗaya bayan ɗaya. Aka bar turba guntu-guntu: ka yi tafiyar awa biyu lafiya, sai ka iske ta ƙare a bakin ruwa, ci gabanta yana can tsallake kana hangensa.

Waɗannan giɓɓan su ne suka cinye shekaru. Ƙungiyar masu tafiya a ƙasa ta Ramblers, da wani ɗanta mai suna David Sharp wanda ya rubuta littafin jagorar hanyar, sun daɗe suna matsa wa hukuma lamba. A Temple, kusa da Hurley, sai a 1989 aka gina gadar ƙafa a inda fito ya daɗe da mutuwa. A Bourne End kuwa dabara aka yi, aka maƙala siririyar gada a jikin gadar jirgin ƙasa. Wani wurin ma ba a ci nasara ba sam. Wata doka ta 1848 ta rufe bakin kogi a filin fadar Windsor, har yau mai tafiya sai ya tsallaka ya bi ta ɓangaren Datchet. Gidan sarauta, ko a ina yake, ba ya son a riƙa leƙa masa bayan gida.

Abin da ya riƙe sauran shi ne doka, kuma a ganina nan abin koyon yake. Dokar 1949 da ta kafa dogayen turbobin ƙasa ta kuma ɗora wa hukumomin gundumomi aikin zana taswirar duk wata hanyar da jama'a ke da haƙƙin bi. Gonar ta mai gona ce, amma wucewa ta kowa ce. Idan hanya ta ratsa tsakiyar gona manomi ya nome ta, doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da ita yadda za ta biyu. Haka kuma idan mutane suka shekara 20 suna bin wani wuri a fili ba tare da an hana su ba, ana iya ɗaukarsa hanyar jama'a. A bakin shinge za ka ga wani ɗan ƙyaure da ke lilo cikin wani ɗan keji: mutum ya shiga, ya tura, ya fita, amma tunkiya ba ta iya bi. A jikinsa an manna hoton ɗan itacen oak, alamar turbar ƙasa. Mai dabbobi ya huta, mai wucewa bai roƙi kowa ba.

Daga Lechlade zuwa Oxford fadama ce da shanu, sai mutum ya daɗe bai ga gida ba. Daga nan garuruwa su fara matsowa, Reading, Henley, Windsor, da Runnymede inda aka tilasta wa Sarki John amincewa da yarjejeniyar Magna Carta a 1215. Akwai ƙofofin ruwa 45 da ke ɗaga jirage su sauke su, ciki har da ta Teddington, inda kogi ke fara cika da janyewa tare da teku. Mafi yawan masu bin turbar ba sa niyyar gama ta. Tsoho ne da karensa, ko ma'aikaciya mai yanke hanya zuwa tashar jirgi, kuma sawunsu na kullum ne ke hana ciyawa da masu kwaɗayin fili rufe ta.

A cikin birnin Landan ne ma aka fi kai ruwa rana. Inda tsoffin ma'ajiyoyin kaya suka koma gidaje masu tsada, wani lokaci sai ka tarar da ƙofa a kulle ko mai gadi, ka koma titi ka zagaya, alhali an ba da izinin ginin ne bisa sharaɗin a bar wa jama'a bakin ruwa.

Mu ma mun san wannan rigimar, da sunan burtali da mashaya. Hanyar shanu ta kaka da kakanni ba a kashe ta rana ɗaya. Bana a ci kunya biyu, baɗi uku, har ranar da garke zai zo ya tarar da gero a gabansa. Kowa a ƙauyen ya san inda ta bi, amma idan dattawan da suka sani suka kwanta dama, ba takardar da za a buɗe a gaban alƙali. Nijar ta ɗan yi gaba a nan: dokarta ta 2010 kan kiwo ta amince da kai-komon makiyaya a matsayin haƙƙi, kuma a wurare da dama an kafa turakun siminti a gefen burtali. Haka bakin Kogin Kaduna yake buƙata kafin katangu su gama isa ruwa, domin sayen fili daga baya ya fi shata shi tun da wuri tsada nesa ba kusa ba.

Takarda ma tana da iyakarta. Da hunturu Tems yakan cika ya shanye dogayen sassa na turbar, a rufe su makonni. Idan kuma gaɓa ta zaizaye ta faɗa ruwa, haƙƙin wucewa yakan tafi da ita, saboda layin da aka zana a taswira yanzu yana cikin kogi. Sai jami'an turbar su koma wurin mai gonar, a sake zama kan 'yan taku kaɗan na ƙasa.