"Serendipity": Kalmar da Ta Koya Mini Bin Salsala

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani ɗan rubutu na Turanci a kan yadda aka gano maganin fenisilin. A ciki na ci karo da kalmar "serendipity". Na buɗe ƙamus, na ɗauki ma'anar farko, na rubuta "sa'a", na wuce abina. Da takardata ta dawo, sai na tarar ya ja wa kalmar layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Je ka binciki asalinta." A lokacin na ji haushi, amma yau ina ganin ya fi ni gaskiya.

Wani marubuci ɗan Ingila, Horace Walpole, shi ya ƙirƙiri kalmar a 1754, cikin wasiƙar da ya aika wa abokinsa Horace Mann. Ya samo ta ne daga wata tatsuniyar Farisa ta 'ya'yan sarkin Sarandib su uku, wadda aka buga da Italiyanci a birnin Benis a 1557. Sarandib kuwa tsohon suna ne da Larabawa da Farisawa ke kiran tsibirin Siri Lanka da shi.

A tatsuniyar, 'ya'yan sarkin sun siffanta wani raƙumi da ya ɓata, alhali ba su taɓa ganinsa ba. Sun ce ido ɗaya gare shi, domin ciyawar gefe ɗaya kawai ya ci, ko da yake ta ɗaya gefen ta fi kyau. Sun ce yana ɗauke da zuma da man shanu, domin ƙudaje sun taru a gefe guda na hanya, tururuwa a ɗaya gefen. To, ina sa'a a nan? Kowa ya bi hanyar, amma su ne suka lura.

Haka abin yake ga Alexander Fleming a Landan a 1928. Fumfuna ta faɗa cikin farantin da yake renon ƙwayoyin cuta, ta kashe waɗanda ke kewaye da ita. Da wani ne, wanke farantin zai yi. Shi kuwa ya tsaya ya tambayi dalili. Ashe kalmar ta ƙunshi abu biyu: samun abin da ba shi aka fita nema ba, da kuma basirar gane darajarsa. "Sa'a" da "gamo da katar" da "tsuntsu daga sama gasasshe" duk rabin farko suka ɗauko. Da yau ne, "tsintuwar mai lura" zan rubuta.

Na san wasu za su ce mai fassara ba ruwansa da tarihi, ma'anar yau kawai yake bukata, tunda Turawa da yawa ma sa'a zalla suke nufi da kalmar. Ban musa ba. Amma a rubutun da aka ba mu, "sa'a" ta tauye wa Fleming haƙƙinsa, ta nuna wa mai karatu Bahaushe cewa magani daga sama ya faɗo.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu daina tsayawa a layin farko na ƙamus, ko haddace manyan kalmomi don burga. Idan baƙuwar kalma ta tare mu, mu tambaye ta daga ina ta fito. Wanda ya saba yi wa Turanci wannan tambaya, zai yi wa Hausa ita.