Ɗan haya mai tabo: a tambayi dalili kafin a hana makulli

Galibin masu gidajen haya a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba attajirai ba ne. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ko matar da miji ya rasu ya bar mata marayu, ko ɗan kasuwar da ya tara ribar shekaru ya gina ɗakuna huɗu ko biyar a tsakar gida guda. Kuɗin hayar nan shi ne cefanensu, shi ne maganinsu. Saboda haka idan mai neman ɗaki ya zo da sunan cewa an taɓa fitar da shi daga wani gida bisa bashi, babu mai ganin laifin mai gida in ya ja da baya. Abin da ke da gyara shi ne irin binciken da ake yi kafin a yanke hukunci.

Labarin ɗan haya a baki yake yawo, kuma bakunan da aka fi saurare su ne mafi rauni. Dillali yana karɓar la'adarsa ranar da aka miƙa makulli. Abin da zai faru a wata na uku bai shafe shi ba. Mai gidan da mutum yake ciki yanzu, in ya gaji da shi, shi ne zai fi kowa yabonsa, domin neman kai yake da kaya. Shaidar da ke da nauyi tana wurin mai gidan da ya gabaci wannan, wanda ba ya da riba ko hasara a maganar, da maƙwabtan da suka haɗa pampo da shi, da mai kantin bakin ƙofa wanda ya san ko yana biyan bashin sukari da sabulu.

Sannan bashi iri-iri ne, kuma ƙasar nan ta fi kowa sanin haka. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan masarufi suka yi tsada. A cikin waɗannan shekaru ma'aikatan gwamnati sun yi ta bin bashin albashi na watanni, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana shiga yajin aiki tana fita. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da yawa sun bar gidajen haya da tabon rashin biya, alhali baitulmalin ƙasa ne ainihin mai taurin bashin. Ƴan kasuwa ma sun ɗanɗana nasu: rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sun tsayar da cinikin mutanen da ba su taɓa saɓa alkawari ba. Mai gidan da ya jera waɗannan sahu ɗaya da macuta ya zalunce su, ya kuma hana kansa mutanen kirki.

Tambayar da ke bambance su ita ce yadda mutum ya fita. Ya zo da ƙafarsa ya faɗi halin da yake ciki? Ya riƙa rage bashin da jika biyu, jika uku, har bayan ya tashi? Ko kuwa da tsakar dare ya kwashe kaya, ya bar takardun Nigelec da na ruwa jibge, ƙofa a ɓalle, ya sa wani a ɗakin yana karɓar haya a ɓoye? Na ƙarshen nan, abin mamaki, sau da yawa a mota yake zuwa, da babbar riga da sunan wani babba a bakinsa, kuma ranar da aka nemi kuɗi sai ya tuna da ɗan'uwansa mai kaki.

Shi ya sa al'adar neman kuɗin wata shida tun gaba ba tantancewa ba ce. Macuci yana iya ajiye su nan take, ya zauna shekara biyu kyauta. Mai ɗan albashi ne take korewa. Haka nan hana ɗaki saboda ƙabila, ko jam'iyya, ko don mace bazawara ce, ba ya faɗa wa mai gida kome game da biya.

Wanda ya amsa laifinsa na baya ana iya karɓarsa bisa sharaɗi. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko gaban mai unguwa, da ranar biya da wa'adin tashi. Ya kawo mai tsaya masa, mutum sananne mai sana'a, ya sa hannu. A raba masa kwantar wuta in da hali. Nijar tana da dokar haya tun 1996, amma yawancin rigingimun da ke ƙarewa a kwamisariya ba su da ko takarda ɗaya da za a shimfiɗa a kan tebur.

Mai gida kuma yana da nasa nauyi: ya ba da takardar shaidar biya kowane wata. Da yawa suna ƙyashin yin haka don gudun haraji. Amma ɗan hayar da ya tashi da takardu ashirin da huɗu a hannunsa ba ya buƙatar yabon dillali a gida na gaba.