In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Ran 7 ga watan Agusta 2019, jami'an shige da fice na Amurka suka yi dirar mikiya a kan masana'antu 7 na gyaran naman kaji a Jihar Misisifi, suka kama ma'aikata wajen 680 bisa zargin ba su da takardun izinin zama da aiki. Yara da yawa suka taso daga makaranta suka tarar ba uwa ba uba a gida. Masu kamfanonin kuwa, kowannensu a ɗakinsa ya kwana. Sai a 2020 aka gurfanar da mutum 4 daga cikin manajoji da ma'aikatan ofis gaban shari'a.

Ba wai babu doka ba ne. Tun 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da ta haramta wa kamfani ɗaukar baƙon haure aiki yana sane. To, a wajen nan na "yana sane" gizo ke saƙar. Kamfani sai ya ba ɗan kwangila aikin samo lebura, ranar da asiri ya tonu ya rantse bai san kome ba, alhali kuwa ribar tana aljihunsa.

Dalilin son irin waɗannan ma'aikata ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba shi da takarda yakan ji shakkar kai ƙara in an danne masa haƙƙi, yana kuma tsoron shiga ƙungiyar ƙwadago. Ta haka albashin ɗan ƙasa ma yakan faɗi, kamfanin da ke bin doka kuma ya kasa gasa da mai ha'inci.

Mu ma nan ba mu manta da watan Janairu 1983 ba, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta ba baƙin haure mako 2 su fice, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashe komatsansu, galibinsu 'yan Gana. Su suka sha wuyar hanya, waɗanda suka ci guminsu kuwa suna zaune.

A ganinmu, wajibi ne doka ta ɗora wa kamfani alhakin duk wanda ke aiki a harabarsa, ko ta hannun wa ya shigo. Tarar kuma ta zarce ribar da aka ci, a biya ma'aikaci haƙƙinsa cif kafin a mai da shi ƙasarsu. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.