Rumbun Tarayya a Linux: Ribar Hausa da Wahalar Ɗalibin Zebilla

Ɗalibin Hausa da ke aiki da tsohuwar kwamfuta mai Linux a Zebilla ko Bawku ya san wannan takaici. A kwafo masa manhajar ƙamus a filashi, ya latsa ta, ta ƙi buɗewa. Sai layi ɗaya na Turanci ya fito, yana cewa ba a sami wani fayil mai suna libicuuc.so.66 ba. Wasu sukan yanke hukuncin cewa kwamfutar ta gaji, wasu su ce Linux ba ta talaka ba ce. A ganina duka sun yi gaggawa. Tsarin da ya jawo wannan cikas yana da babban amfani ga harshe irin Hausa, kuma nauyin gyaran ya fi rataya a wuyan masu rarraba manhaja.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Manhaja ba ta ɗaukar dukan kayan aikinta. Ayyukan da manhajoji da yawa ke bukata, kamar zana harafi ko jera kalmomi, ana tara su a fayiloli masu ɗauke da alamar .so a sunansu. Mu kira su rumbunan tarayya. Kowace manhaja tana da jerin sunayen rumbunan da za ta ɗiba. Da an buɗe ta, wani ɗan dako mai suna ld.so yakan karanta jerin, ya duba rajistarsa da ke /etc/ld.so.cache da wurare irin /usr/lib, ya kwaso rumbunan ya haɗa su da ita. In ɗaya ya ɓace, tafiya ta tsaya.

Lambar da ke ƙarshen sunan ba ado ba ce. Ana canza ta idan rumbun ya sauya ta yadda tsohuwar manhaja ba za ta iya aiki da shi ba. Ubuntu 20.04 ta zo da ICU na 66, ita kuwa 22.04 ta zo da na 70, don haka mai neman 66 ba zai karɓi 70 ba. Akwai kuma uwar rumbuna, wato glibc. Sabuwarta tana ɗaukar tsohuwar manhaja, amma tsohuwarta ba ta ɗaukar sabuwa. Manhajar da aka gina a 22.04, mai glibc 2.35, takan nemi GLIBC_2.34, alhali 20.04 ta tsaya a 2.31. Ka ga ke nan mai tsohon kaya ne yake shan wuya, wato wanda data ta yi masa tsada kuma ba ya iya sabunta tsarinsa duk lokacin da ya so.

To me ya sa ba za a watsar da tsarin ba? Dubi abin da Hausa ke samu. Rumbun fontconfig ne yake nemo salon rubutun da ke da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, FreeType ya zana su. Idan Ajami ne, HarfBuzz ke haɗa haruffan da juna, FriBidi kuma ya lura da tafiyar rubutu daga dama zuwa hagu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Ajamin Hausa. Wanda zai buga irin waɗannan a kwamfuta a yau, da waɗannan rumbuna zai dogara. In aka gyara wani wasali a HarfBuzz, duk manhajar da ke ɗiba daga rumbun ta gyaru a lokaci guda. Masu yi wa Hausa aikin fasaha ba su da yawan da za su bi manhajoji ɗari ɗaya bayan ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, rumbun tarayya kuwa gayya ce.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da hujja. Abin da ake tarayya a kansa, in ya motsa kowa ya motsa. A 2018 glibc 2.28 ta sauya ƙa'idar jera haruffa, har masu amfani da PostgreSQL suka sake gina fihirisan bayanansu. Ga mai harhaɗa ƙamus wannan gargaɗi ne: matsayin ƙ bayan k na iya dogara da rumbun da ke cikin kwamfutar da tsarin harshen da aka zaɓa. Amma wannan dalili ne na sa ido a kan rumbun da kawo gyara cikinsa. A glibc tsarin Hausa ɗaya ne, ha_NG, kuma kuɗinsa naira ce. Bahaushen zango a Yendi da ya zaɓe shi zai ga naira a inda yake nufin sidi. Bayanan CLDR, waɗanda ICU ke aiki da su, sun riga sun san ha_GH. Ƙofar glibc a buɗe take ga mai kawo gudummawa, kuma wannan aiki ne da sashen Hausa na jami'a da masani ɗaya na kwamfuta za su iya.

Ga mai rarraba ƙamus ko darussa, haƙƙi biyu ne. Ya gina manhajarsa a kan tsohon tsari, domin ta yi aiki a tsoho da sabo. Sannan ya fitar da ita a siffar AppImage, fayil guda mai ɗauke da yawancin rumbunansa, wanda ke shiga filashi ya yi tafiya ba intanet. Sai dai AppImage ba ta saba ɗaukar glibc ba, don haka haƙƙin farko bai faɗi ba.

Kai kuma ɗalibi, idan manhaja ta ƙi tashi, rubuta ldd tare da sunan fayil ɗinta, matuƙar ka amince da inda ta fito. Zai jero rumbunan, ya nuna wanda babu. Kada ka laƙaba wa rumbu na 70 sunan 66 don ka yaudari ɗan dako, domin zanen aro ba ya rufe katara: sunayen ayyukan da ke cikin ICU ma suna ɗauke da lambar. Kada ka sauya glibc da hannunka, kusan komai a kwamfutar a kanta yake tsaye. In za ka kwafo daga aboki, ka tabbata tsarinku ɗaya ne, ka kuma kwafo fayilolin .deb tare da duk waɗanda suka dogara da su. Idan hakan bai yi ba, aika wa mai manhajar sunan rumbun da ya ɓace da lambar tsarinka, ka nemi ya gina wadda za ta yi aiki a Zebilla.