Abin Da Ya Fi Girma A Ingila A Shekarar 1952

Ran nan malaminmu na tarihi ya tambaye mu abin da ya faru a Ingila cikin shekarar 1952. Nan da nan hannuwa suka tashi, kowa ya ce shekarar da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta gaji sarauta ce. Gaskiya ne. Mahaifinta, Sarki George na shida, ya rasu ran 6 ga watan Fabrairu, ita kuwa tana ƙasar Kenya aka kai mata labari, tana da shekara 25. Ran 3 ga Oktoba kuma Ingila ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a wasu tsibirai na Ostireliya, ta zama ta uku bayan Amurka da Rasha. Amma ni a ganina, abin da ya fi waɗannan girma shi ne hayaƙin da ya rufe birnin Landan a ƙarshen shekarar.

Ga yadda aka yi. A farkon Disamba aka yi tsananin sanyi, sai mutanen Landan suka yi ta zuba kwal a murhu don su ji ɗumi. Masana'antu da gidajen wutar lantarki su ma kwal suke ƙonawa. Iska kuwa ta tsaya cik, hayaƙi ya rasa inda zai bi, ya gauraya da hazo ya zauna a kan gari tun daga ran 5 har ran 9 ga wata. Duhun ya fi na hazon hunturu da muka sani nesa ba kusa ba. Motocin haya da na asibiti suka tsaya, sai jirgin da ke bin ƙarƙashin ƙasa ya rage. Hayaƙin ya shiga har gidajen silima, 'yan kallo suka kasa ganin majigi. Shanun da aka kawo wajen nunin amfanin gona ma wasu sun mutu.

Da gari ya washe aka ƙirga, sai aka tarar mutum wajen 4,000 sun rasu, yawancinsu tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Jama'a, ba yaƙi aka yi ba, ba annoba ce ta shigo daga waje ba. Wutar da kowa ya hura a gidansa ita ta taru ta shaƙe gari.

Wani zai ce ai sarauta ta fi, tun da Sarauniya ta yi shekara 70 a kan gado, har ta rasu a 2022. To, amma gadon nan kowa ya san nata ne tun tana yarinya, babu darasin da aka koya daga gare shi. Hayaƙi kuwa ya tilasta wa hukuma ta sake hali. A 1956 Majalisar Dokoki ta kafa dokar tsabtace iska, wadda ta ba hukumomin gari ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni, aka kuma taimaka wa masu gida da kuɗi su sake murhu. A shekarar nan ce Sarauniya ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba. Kakanninmu suna ba da labarin hawan, amma wa ya taɓa ba mu labarin dokar?

'Yan'uwana ɗalibai, tarihi ba jerin sunayen sarakuna ba ne kawai da za mu haddace don jarrabawa. Abin da ya sami talakawa shi ma tarihi ne. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in sanyi ya zo aka sa kaskon gawayi a ɗaki, a bar taga a buɗe, gama hayaƙi bai san Bature ba, bai san Bahaushe ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu, amin.