AINU ZUBAIDA: ZIYARAR DA ALHAZANMU SUKE BARI A BAYA

 

Ya 'yan'uwa malamai da ɗalibai da iyayen yara, akwai wani abu a ƙasa mai tsarki wanda dubban alhazanmu suke giftawa ta gefensa kowace shekara ba su waiwaya ba. Wanda ya yi tsayuwar Arfa, in ya lura da gindin Jabalur Rahma, ko da jikin duwatsun da ke hanyar Muzdalifa, zai ga wani tsohon ginin dutse mai kama da doguwar katanga. To, ba katanga ba ce. Magudanar ruwa ce, sunanta Ainu Zubaida. Ra'ayina shi ne, ya kamata malaman bita da jagororin alhazai su riƙa nuna wa mutanenmu wannan wuri suna yi musu bayaninsa, domin gani ya kori ji.

Zubaida 'yar Ja'afar ce, jikar Halifa Mansur, kuma matar Halifa Harunar Rashid wanda ya yi mulki a Bagadaza daga 170 zuwa 193 Hijira (786 zuwa 809 Miladiyya). Da ta zo aikin Hajji ta tarar da mahajjata cikin matsanancin ƙishirwa, har malaman tarihi sun ce salka ɗaya ta ruwa takan kai dinari guda. Sai ta tara magina da masana, ta sa aka jawo ruwa daga Hunaini zuwa Makka, aka kuma jawo wani daga kwarin Nu'umanu da ke hanyar Ɗa'ifa, ya biyo ta Arfa da Muzdalifa har kusa da Mina. An ruwaito cewa da ma'ajinta ya yi mata kukan yawan kuɗin da aikin zai ci, sai ta ba shi umarnin a ci gaba ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Abin da aka kashe, a ƙididdigar malaman tarihi, ya kai dinari 1,700,000.

Ku dubi hikimar aikin. Babu inji, babu lantarki. An gina hanyar da ɗan gangare kaɗan-kaɗan, ruwa yana tafiya da kansa, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa, wani wuri a jikin dutse. An kuma yi ramuka kamar rijiyoyi a kan hanyar, tazara-tazara, domin iska ta shiga, ma'aikata kuma su samu ta inda za su sauka su yashe yashi da laka. Wato tun ranar da aka aza harsashi an riga an yi tunanin mai gyara. Wannan shi ne darasin da nake so mu riƙe.

Domin kuwa Zubaida, Allah Ya jiƙanta, ta rasu a 216 Hijira (831), amma ruwanta ya ci gaba da gudana fiye da shekara 1,000. Me ya kawo haka? Gyara ne. Ambaliya takan cike hanyar, gini yakan rushe, ruwa ya yanke, sai Allah Ya kawo wani ya tashe shi. Sarkin Masar Ƙaitabai ya gyara ta a 875 Hijira. A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Mihrimah 'yar Sarki Sulaimanu ta ɗauki nauyin gyara da ƙarasa ruwan har cikin garin Makka, aikin da ya ci kimanin shekara 10 saboda taurin dutse, aka gama a 979 Hijira (1571). Sarki Abdul'aziz na Saudiyya shi ma ya kafa hukuma ta musamman mai kula da ita. Kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya, wannan ruwa suka sha a Arfa.

Daga baya, a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 20, ruwan ya ƙafe, saboda yawan rijiyoyi masu inji da aka haƙa a kwarin Nu'umanu sun janye ruwan ƙasa. Yanzu mafi yawan ruwan Makka daga teku ake tace shi a Shu'aiba. Duk da haka ba a watsar da magudanar ba, Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda ta yi bincike a kan yadda za a farfaɗo da ita, ana kuma adana ragowar ginin a matsayin kayan tarihi.

Na san wani ɗan'uwa zai ce, Malam, ziyarar kufai ba ta cikin aikin Hajji, kuma tana iya buɗe ƙofar neman tabarruki da duwatsu. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ba rukuni ba ce, ba wajibi ba ce, ba a shafa ginin, ba a ɗebo ƙasarsa. Amma maganin jahilci ai ilimi ne, ba rufe ido ba. Alhajin da aka yi wa bayani ya san abin da yake kallo aikin hannun mutane ne, sai ya yi wa mai aikin addu'a ya ɗauki wa'azi. Kuma fisabilillahi, kwanakin da muke ƙararwa a kasuwa wajen cinikin tsaraba bayan an sauko daga Mina, ba za a iya tsakurar awa biyu daga ciki ba?

Sannan mu dawo gida mu dubi kanmu. Hadisi ya nuna cewa da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya. Alhamdu lillahi masu hali suna haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwanninmu. Amma nawa ne suke aiki bayan shekara biyu? Kowa yana son ya gina sabuwa a rubuta sunansa, ba mai son ya sayi kan famfo ya gyara ta wani. Sai ka ga yara, har da ɗalibanmu mata, suna makara makaranta suna bin layin ruwa, alhali ga matacciyar rijiya a ƙofar masallaci. Sadaka mai gudana fa, in ruwan ya tsaya, me ya rage yana gudana?

Saboda haka shawarata uku ce. Wanda zai haƙa rijiya ya ware wani abu na wakafi domin gyaranta. Kowane masallaci da Islamiyya su naɗa mutum biyu ko uku amintattu masu kula da ruwan unguwa. Iyayenmu mata kuma masu hali su sani cewa mace ce ta fara wannan aiki, mace kuma ta ƙarasa shi cikin Makka.

Allah Ya saka wa Zubaida da duk wanda ya gyara bayanta da alheri, Ya ba mu ikon koyi da su, amin.